Allon da Ba a Wanke Ba

Daga Na'iya ɗan Ibrahimu, a Kebbe, zuwa ga Mardiya, a Tambuwal

Da sunan Allah nika farawa. Gaisuwa da aminci zuwa gare ki, da maigidanki, da duk mai cin tuwon gidanku. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, gero ya tsiro. Ɗan zazzaɓi ya taɓa Hauwa'u, amma ya sake ta.

Bayan haka, ga Ɗangiwa mai jakai nan, na ba shi saƙo shi kawo miki. Akwai allo, ni na sassaƙa shi da hannuna. In kin ga gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi kada ki yi dariya, ni ba masassaƙi ba ne. Akwai buzun akuya na zama, da kurtun tawada, da geron da za a yi masar sadaka ranar da za a kai yaron nan na wurinki makaranta.

Kin san yadda munka yi da Baffa Bube, amma bari in sa miki a rubuce, don na san halinki, ranar na zuwa ki ce ban faɗa ba. Tun da mahaifina ya rasu shanun gidanmu suna hannun Baffa. Shi ne babba, maganarshi ce magana. Bana shina neman yaron da za shi bi maruƙa in sun gangara kudu bayan kaka, ya kuma ɗora ido a kan wanga. Na roƙe shi, na sa anka roƙe shi, da ƙyar ya yarda da sharaɗi. A ba yaron daga shuka zuwa girbi. In ya wuce ƙananan surori ya shiga babbaƙu, ya fara gane haruffa da idonshi, a bar shi ga karatu. In kuwa bai kai ba, a miƙa mishi sanda.

Ni na san abin da sandar nan take yi wa mutum. Ina kamar shi anka miƙa mini ita, ban ajiye ba sai da gemu ya fito mini. Shi ya sa har yau nika ɗaukar allo ina zama a zauren malam tare da waɗanda na girme wa nesa. Saura kaɗan dai, in Allah ya yarda ranin bana nika sa ran sauka.

Don haka ki sa ido. Hauwa'u ta ƙulla dakuwa cikin kayan, ta ce ta gidan ce duka, ba ta ce ta wani ba.

Wassalam.

*

Daga Mardiya, a Tambuwal, zuwa ga Na'iya, a Kebbe

Aminci da yardar Allah su tabbata gare ka. Mun ga saƙo, mun gode. Kowa lafiya, sai maigidan da ke kukan baya, shi ma aikin rinin da shika yi ne, ba ya barin mutum shi miƙe. A gaishe mini da Hauwa'u da jiki.

"Yaron nan na wurinki." Wane yaro? Sunanshi Atu, in ka manta. Wallahi kai da Hauwa'u kun ishe ni da kunyar ɗan fari. Ku haifi yaro, ku kasa kiran sunanshi, ku kasa tambayar ko ya ci ya ƙoshi, sai ku aiko da dakuwa "ta gidan duka". To, shi ya ci rabi, ni da maigidan munka ci rabi, ka gaya mata. Ni ba ni na haife shi ba, bakina sake yake. Kakana da kakarka kuwa ciki ɗaya sunka fito, ina da ikon in tsokane ka har ta takarda. Allon ma na yi dariya, ka ji.

An kai shi makarantar Malam Mahmuda da hantsi. Maigidan ya riƙe hannunshi, ni na bi su da ƙwaryar masa har bakin rumfa. Malam ya kama tafin hannunshi na dama ya yi rubutu, ya ce mishi lashe. Ya lashe, ya ɓata fuska, ya ce, "Malam, ba gishiri." Yara sunka bushe da dariya, Malam kanshi sai da ya rufe baki da hannun riga. Anka raba masa, anka yi addu'a, aka ba shi wurin zama can baya inda sababbi suke.

Batun kai kuwa, ka kwantar da hankalinka. Abin da anka biya mishi da safe, kafin la'asar shina rera wa akuyata shi, ita kuma tana tuƙa tana kallonshi. An riga an wanke mishi allo an yi ƙari, an sake wankewa an sake ƙari. Dokar Malam Mahmuda ke nan: yaran da ke kan darasi ɗaya tare suke zama, tare ake kiransu su biya, sannan kowa shi biya shi kaɗai. Wanda ya kai ƙarshe ba tuntuɓe shi je shi wanke, a rubuta mishi sabo, shi matsa gaba. Wanda ya kasa shi koma inda ya fito da tsohon rubutunshi.

A yadda Atu shika tafiya, Baffa Bube shi nemi wani ɗan bin maruƙanshi. Ka ce ni na ce.

Ka huta lafiya.

*

Daga Na'iya zuwa ga Mardiya

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan bayan maigidan ya yi sauƙi. Mu mun gama noman fari, mun shiga maimai, ruwa kuma ba ya ɗagawa.

Na ji daɗin takardarki. Amma ga wata magana da ba ta bar ni na ci abinci da daɗi ba. Ɗangiwa ya ce zuwanshi na baya ya ga allon nan jingine a zaurenku, zuwanshi na yanzu ma ya gan shi, kuma rubutun bai sake ba. Na ce mishi kai da ba ka karatu, ina ka sani? Ya ce akwai wani ɗigon tawada a kusurwa mai kama da sawun kaza, shina nan yadda ya bar shi. Tsakanin zuwan nan biyu kuwa wata ya mutu, wani ya tsaya har ya yi ƙarfi.

Ba wai ina tambayar kowa ba ne. Allon nika tambaya, tunda ni na sassaƙa shi.

Baffa Bube ya shigo kasuwa ran nan. Ya tsaya kaina ya dogara sanda ya ce, "Malamin naka ya kai ina?" Na ce shina ƙoƙari. Ya ce, "Maruƙa ma suna ƙoƙari, bana sun yi yawa." Ya wuce abinshi.

Ki gaya mini gaskiya, kada ki shafa mata mai.

*

Daga Mardiya zuwa ga Na'iya

Lafiya lau muke. Ina rubutu a tsaye, Ɗangiwa ya riga ya ɗaure wa jakai kaya, hadari kuma ya taso.

Gaskiya ne, allon bai wanku ba tun lokacin. Amma kan Atu lafiyarshi lau. Wani yaro ne a makarantar ya riƙe shi, Namadi ɗan Asiya mai tukwane. Ban gama gane yadda abin yake ba, ina bin sawu. Kada ka ce wa Baffa komi sai ka sake ji daga gare ni.

*

Daga Na'iya zuwa ga Mardiya

Sallama. Muna lafiya.

Guntuwar takardarki ta iso a jiƙe. Ruwa ya doki Ɗangiwa a hanya, layin ƙarshe ya wanke sarai, sunan Baffa kaɗai na iya gani a ciki. Amma abin da ya saura ya ishe ni.

Ashe abin da ke nan! Ashe abokin banza ya samu. Haba Mardiya, na ba ki amana, yaro bai cika shekara bakwai ba, ki bari ɗan wani shi ja shi yawon bakin rafi da harbin ƙadangaru har allo shi bushe da rubutu ɗaya? Da kan ne babu, da na ce haka Allah ya yi shi, in haƙura. Amma kai na nan, wasa ya fi so. Wanga ya fi mini ciwo.

Ki raba su yau. Ki je wurin uwar yaron ki ce ta ja wa ɗanta kunne. In ta kama a sake mishi makaranta, a sake.

Ko da yake ban san ko yanzu akwai amfani ba. Na jira wata takarda daga gare ki har na gaji, ba ta zo ba. Ran sunan ɗan Ardo, Baffa ya tare ni gaban dattawa ya ce in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, yaro na gaba ko shina tsaye? Mi za ni ce? Na ce shina tsaye. Ya ce to sharaɗi fa? Na ce sharaɗi na nan, in an girbe gero shi aika a ɗauko shi. Gaban mutane na faɗa, kowa ya ji.

Ban gaya wa Hauwa'u ba, amma ta sani. Tun ranar ba ta ƙara tambayata yaushe Ɗangiwa za shi Tambuwal ba.

*

Daga Mardiya zuwa ga Na'iya

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce, ba don ka cancanta ba. Muna lafiya. Gulbi ya cika ya hana jakai ƙetarewa, shi ya sa ka ji shiru, takardarka ma sai shekaranjiya ta shigo hannuna. Na karanta, na ajiye, na sha ruwa, don da a lokacin na ɗauki alƙalami da ba za ka so abin da za ka gani ba.

Layin da ruwa ya cinye cewa na yi kada ka ce wa Baffa komi. Kai kuwa ka je ka faɗa gaban dattawa. Madalla da kai. Yanzu ka zauna ka ji abokin banzan.

Abu biyu sunka fara ɗaure mini kai. Na farko, abin da Atu shika rera wa akuya ya wuce na allonshi nesa, har na manyan yara da shika ji suna biyawa ya kwashe. Na biyu, ina yi mishi wanka ina ganin sawun tsumagiya a ƙwaurinshi. In na tambaya sai shi ce ba komi. Sai na ƙulla daddawa na ce za ni kai wa matar Malam. Gidan da rumfar makaranta zana ɗaya ce ta raba su, na samu inda ta ɓule na tsuguna.

Namadi ya girmi Atu da kamar shekara. I'ina gare shi, mai tsanani. Tun bara shina kan allo ɗaya, duk waɗanda anka kawo bayanshi sun iske shi sun wuce. Malam ya kira su su biyu, sunka durƙusa, sunka fara tare. Na'iya, da kunnena na ji. Murya biyu kamar ɗaya, Namadi bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, in ba a gaya maka ba ba ka cewa shina da wata lalura. Sai Malam ya ce to Namadi, kai kaɗai. Nan take harafin farko ya maƙale mishi. Jijiyar wuyanshi ta tashi, ido ya kawo ruwa, yara na ƙyaƙyatawa a baya. Tsumagiya ta sauka. Malam ya ce Atu, kai. Ɗanka ya ɗauko tsaf, ya kai tsakiya, sai ya yi tsit, ya sunkuyar da kai. Abin da shika rera wa akuya ido rufe! Malam ya ce ci gaba, ya yi shiru. Shi ma tsumagiya. Sunka tashi sunka koma baya tare, sunka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Da Atu ya dawo gida na ba shi fura, na bari ya sha. Na ce, "Atu, yau na gan ka." Ya dube ni, bai yi musu ba. Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Goggo, in na biya za a ce in wanke, a kai ni gaba."

Na ce, "To ba abin da anka kawo ka yi ke nan ba?"

Ya ce, "Namadi shi kaɗai za shi saura. In shi kaɗai ne bakinshi ɗaurewa shika yi. In mun haɗa baki ba shi ɗaurewa."

Na ce, "Dukan fa?"

Ya ce, "Na Malam ba shi da zafi ƙwarai. Kuma in mu biyu ne yara ba su yin dariya da yawa."

Na ce har yaushe za ka yi ta haka? Ya ce sai bakin Namadi ya saba, wai jiya ma a bakin rijiya ya yi aya biyu shi kaɗai. Ya faɗa mini haka shina lasar ludayi, kamar wanda ke ba da labarin kaza ta yi ƙwai. Ni kuwa na tashi na shiga ɗaki, don kada shi ga idona.

Ban raba su ba, ba kuma za ni raba su ba. Wurin Malam na sa maigidan ya kai ni, na gaya mishi duka. Malam ya ce shi duk zatonshi Namadi bin bakin Atu shika yi, bai haddace ba. Ya sa anka kira Atu ya ce biya mini duk abin da ka sani, ba mai raba ka da abokinka. Yaro ya yi ta zubawa har Malam ya ɗaga hannu. Yanzu an shirya haka: fuska ɗaya ta allon a riƙa yi wa Atu ƙari, ɗaya fuskar a bar darasin Namadi, wurin zamansu kuma ba a taɓawa. Namadi an daina dukanshi.

Amma kada in ruɗe ka. Na gaya wa Malam sharaɗin Baffa, na roƙe shi shi sa Atu a babbaƙu kafin girbi. Ya ce a'a. Ya ce lokacin da ya tafi ya tafi, sai an bi surorin ɗaya bayan ɗaya a kan allo, shi ba shi tsallake karatu don shanun wani. Don haka in sharaɗi za a bi, Atu ya faɗi.

Kai ka ɗaura wagga magana, kai za ka kwance ta. Ni dai Atu bai san da wani sharaɗi ba, ban kuma gaya mishi ba.

*

Daga Na'iya zuwa ga Mardiya

Aminci gare ki, da neman gafara. Muna lafiya, gero ya fitar da kai.

Na ci zaginki, na kuma cancanta. Ki je ki gaishe mini da Asiya mai tukwane, ba sai kin gaya mata abin da na kira ɗanta ba.

Na karanta takardar a zaure, na shiga cikin gida na sake karanta ta da ƙarfi, wai ina duba ko idona ya rage gani. Hauwa'u na daka, ta juya mini baya. Da na kai inda ya ce dukan Malam ba shi da zafi, taɓarya ta tsaya. Ta ce, "Allah shi shirya ɗiyan Musulmi duka." Amma miyar ranar ba ta ciwu ba don gishiri, ta zuba ta manta ta sake zubawa.

Ni kuwa abin kunya na yi. Na fita gona, na iske maƙwabcina shina gyaran kunya, kafin in farga na ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe. Ya tsaya riƙe da hauya shina kallona, don bai taɓa jin na yi zancen yaron nan ba, wasu ma a unguwa zatonsu ƙanena ne. Da na koma masallaci na sake ba liman. Bakina ya ƙi rufuwa.

Mardiya, bari in faɗa miki tunda takarda ba ta da ido. Ina alfahari da shi. Na roƙi Allah shi ba ni ɗa mai kai, ban san in roƙi wanga ba, sai ga shi an haɗa mini. Ni ban koya mishi ba, ban san inda ya samo ba. Wataƙila wurinki, kada dai kanki shi kumbura.

Batun Baffa ki bar mini. Shi da shanu sun sauka kusa, za ni same shi in ba shi labarin yadda kika ba ni. Tsoho ne mai tsauri, amma ba dutse ne a ƙirjinshi ba. Duk wanda ya ji wanga labari ba shi raba yaron da allo.

*

Daga Mardiya zuwa ga Na'iya

Gaisuwa. Lafiya lau, bayan maigidan ma ya saki.

Shiru ya yi yawa. An fara yankan gero a nan, a Sanyinna har sun ɗaure. Mutanen Jabo sun ce sun ga shanun Baffa Bube sun fara shiga karan gonaki. Ɗangiwa ya zo hannu wofi, na ce ina takarda, ya ce ba ka ba shi ba, wai ya gan ka ka rame.

In za a zo ɗaukar Atu, a gaya mini tun da wuri. Kada wani shi tsaya mini a ƙofa da sanda ba shiri, don ban san abin da za ni yi ba, kuma ba na son in yi wa tsoho rashin kunya. Zan so in ɗinka mishi taguwa mai kauri, in kuma san yadda za ni gaya mishi. Shi da Namadi.

Ran Asabar Namadi ya biya rabin sura shi kaɗai gaban Malam kafin shi maƙale. Atu ya shigo gida da gudu shina faɗa tun daga zaure, har ya ture mini tulu. Nashi ƙarin da anka yi mishi ranar ko ambatonshi bai yi ba.

Ka ba ni amsa, Na'iya.

*

Daga Na'iya, a Kebbe, zuwa ga Mardiya, a Tambuwal

Da sunan Allah. Gaisuwa da godiya gare ki da maigidanki. Muna lafiya. Mun girbe, mun kai rumbu, Allah ya sa albarka.

Kada ki ɗinka taguwa. Ba mai zuwa ɗaukar kowa. Ban rubuto ba ne don sai jiya magana ta zauna.

Na samu Baffa a ruga da safe ana tatsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin duka, har da bakin rijiya, har da ludayi. Ni da kaina na ji ina ƙara mishi armashi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Da gangan shika tsayawa?" Na ce da gangan. Ya ce, "Ana dukanshi, bai kai ƙara ba?" Na ce ko ga goggonshi. Ya ce, "Kuma ba wanda ya sa shi?" Na ce babu. Raina fari ƙal, na ce an gama.

Sai tsohon nan ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Na'iya, roƙo ka zo yi ko talla? Shekara da shekaru ina neman yaro irin wanga. Yaran yanzu duk na gaba suke bi. Maraƙi shi yi ɗingishi shi saura a baya, ba mai waiwaye, sai kura ta yi godiya. Bara haka munka yi hasara. Yaron da ke jiran na baya har a doke shi, ai shi Allah ya yi don maruƙa. Da daƙiƙi ne ma da na iya bar maka shi."

Ashe da bakina na kai mishi yaron. Kunyar nan da kike yi mini dariya a kanta, da na riƙe ta ranar, da wataƙila ban jawo wanga ba.

Na ce Baffa ka yi haƙuri. Ya ce, "Ya shiga babbaƙu?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka yi magana gaban dattawa ko ba ka yi ba?" Na ce na yi. Ya ce to.

Na koma gida, na yi ta juya abin har na bar cin kirki. Na sake komawa ya ƙi, na aika liman ya ƙi. Jiya na je na ce, "Baffa, hannu kake nema. Ga nawa." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Da gemunka za ka bi maruƙa?" Na ce ban manta yadda ake ɗaure su a igiyar dangwali ba. Ya ce, "Saukar taka fa?" Na ce tana jira. Na san lissafin da shika yi: namiji babba na iya ciro saniya daga laka, na iya tsayawa gaban kura, yaro ba shi iyawa. Ya ce rani biyu, bana da baɗi, kafin nan jikanshi ya isa riƙe sanda. Na ce na yarda. Ya sa anka kira dattawa biyu sunka shaida, ya kuma faɗa da bakinshi cewa ya cire ido daga kan yaron har abada.

Na mayar wa malamina takardun da ya ara mini. Bai ji daɗi ba, ya ce a shekaruna karatun da anka ajiye rani biyu ba duka ake iske shi ba. Na ce na sani. Hauwa'u za ta zauna wurin ƙanena. Da na gaya mata, ta tashi ta ɗauko tsohuwar gorata ta fara wankewa. Jibi shanu za su tashi. Daga yau in kina da magana ki ba Ɗangiwa shi kai wa Hauwa'u, liman za shi karanta mata, ni ba a san inda takarda za ta iske ni ba sai ruwa ya sauka.

Ki yi dariyarki, na san za ki yi. Malam Na'iya na maruƙa. Ni dai raina bai ɓaci ba, wallahi tun da nika bin shanu ban taɓa ɗaukar sanda da sauƙin zuciya irin na yau ba.

Abu ɗaya nika roƙonki, ke ma ki roƙi maigidan da Ɗangiwa, don bakin Ɗangiwa ba shi da marfi. In yaron nan ya ji na bi shanu, ku ce Baffa ne ya tsufa shina son taimako, ku tsaya nan. Kada kowa shi gaya mishi dalili. Wanda ya share damina a kan allo ɗaya shina shan duka saboda ɗan wani, in ya ji ubanshi na daji saboda shi, jingine allon za shi yi shi biyo sawun shanu.

Wassalam.